Louis Pasteur, Ɗan Majemin da Ya Gano Abincin Yisti

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai waina da sassafe, a Kwanar Dangora ko a tashar Tudun Wada, ya san ba da safen nan aikin ya soma ba. Tun jiya aka jiƙa shinkafa, aka niƙa, aka zuba ɗan yisti, aka rufe ƙullun aka tafi barci. Kafin asuba ya kumbura, yana kumfa, yana wani ƙanshi mai tsami-tsami. Mukan ce ƙullu ya tashi, mu miƙa kuɗi, mu karɓi waina, mu wuce. Da wuya ka ji wani ya tambaya, shin wane ne ya kwana yana aiki a cikin tukunyar nan, kuma shi ma'aikacin me ya ci? Mutumin da muka zaɓa mu kawo tarihinsa a littafin bana ya yi wannan tambaya, ya kuma ɗora amsarta a kan sikeli. Sunansa Louis Pasteur, mutumin Faransa. Da Faransanci sunan nan ma'anarsa makiyayi, da kalmar kuma suke kiran fasto, amma kada 'yan aji ɗaya su ruɗe: malamin kimiyya ne, bai taɓa riƙe ikilisiya ba.

An haife shi ran 27 ga Disamba, 1822, a garin Dole da ke gabashin Faransa. Mahaifinsa, Jean-Joseph, majemi ne. Ya yi soja a rundunar Napoleon har ya sami lambar girma, da yaƙi ya ƙare kuwa ya koma wa fatunsa. Yaron yana ƙarami suka tashi zuwa Arbois, wani ɗan gari mai gonakin inabi, inda uban ya kafa majema a bakin rafi. Wanda ya taɓa bi ta unguwar majema ya san irin warin da Louis ya girma a ciki. A makaranta ba ya cikin sahun gaba. Abin da aka san shi da shi zane ne, har yau kuma hotunan iyayensa da ya zana suna nan. A 1838 aka tura shi karatu birnin Faris, kewar gida ta kama shi, bayan 'yan makonni sai da uban ya je ya ɗauko shi. Ya ci gaba a Besançon kusa da gida. Da ya zauna jarrabawar kimiyya a 1842, makin da aka ba shi a kemistiri bai taka kara ya karya ba. A wannan shekara ya nemi shiga École Normale, babbar makarantar horar da malamai ta Faris, ya zo na 15 cikin 22. Ya haye zagayen farko na jarrabawar, amma ya ƙi ci gaba da wannan matsayi. Ya ƙara shekara guda yana karatu, ya sāke zama a 1843, ya zo na 4. Mun kawo wannan ne domin masu raunin maki su ga abin da ya yi da shekarar nan, kada malalata su mai da labarin matashin kai.

Aikinsa na farko da ya fito da sunansa a kan wani gishiri ne da ke daskarewa a jikin gangunan ruwan inabi. Akwai iri biyu na wannan sinadari, kayan haɗinsu ɗaya, amma ɗaya yana karkata haske in an haska ta cikin ruwansa, ɗayan ba ya yi. A 1848, yana da shekara 25, ya duba ƙwayoyin gishiri na biyun a madubin ƙara girma, ya ga ashe gauraye ne na masu fuskantar dama da masu fuskantar hagu, kamar tafin hannun mutum biyu. Ya sa ɗan hantsaki ya tsince su ɗai-ɗai. Tsohon masani Biot bai yarda ba sai da saurayin ya maimaita aikin a gaban idonsa. Daga nan Pasteur ya riƙe wani ra'ayi har mutuwarsa, cewa sinadarin da ke karkata haske yawanci abu mai rai ne ya ƙera shi. A 1849 ya zama malami a Strasbourg, ya auri Marie Laurent, 'yar shugaban jami'ar, wadda ta yi shekaru tana rubuta masa abin da yake shibtawa.

A 1854 aka naɗa shi shugaban sashen kimiyya a Lille, garin masana'antu. Can ana noma wata saiwa mai zaƙi wadda Turawa ke tatsar sukari daga cikinta, wasu kuma su tsima ruwanta su tace sinadarin barasa na sayarwa. A 1856 wani mai irin wannan masana'anta, Bigo, wanda ɗansa ɗalibin Pasteur ne, ya kawo kuka: wasu gangunansa suna yin tsami maimakon barasa, yana ta asara. Pasteur ya ɗebo ruwan ganguna ya duba. A masu lafiya ya ga ƙwayoyin yisti kewayayyu, wasu da ɗan toho a gefe. A masu tsami ya ga waɗansu halittu ƙanana sirara sun cika wurin. Irin waɗannan ne ke mai da madara kindirmo, su ne kuma ke sa gasarar koko tsami. A 1857 ya rubuta cewa kowace irin tsimuwa tana da nata mai rai da ke yin ta.

Ba shi ya fara faɗar cewa yisti rayayye ne ba. Tun wajen 1837 Cagniard de la Tour a Faransa, da Schwann da Kützing a Jamus, kowa a wurinsa, sun ga yisti yana toho yana hayayyafa. Manyan masana kemistiri ne suka danne maganar. Jagoransu Justus von Liebig na Jamus, wanda a zamanin nan in ya yi magana ta zauna. Shi a ganinsa yisti mataccen abu ne mai kama da farin ƙwai, yana ruɓewa, girgizar ruɓewarsa ce ke wargaza sukarin da ke kusa ya zama barasa da iska. A 1839 ma an buga wata ba'a a mujallarsa, wadda aka san aikinsa ce shi da abokinsa Wöhler, ana kwatanta yisti da wata dabba mai haɗiye sukari tana kāshin barasa. Aka yi dariya, aka bar zancen kusan shekara 20.

A nan sai mun tsaya mun yi maganar naitirojin, gama shi ne kan gardamar. 'Ya'yan manoman Doguwa da Tudun Wada ba sa bukatar dogon bayani. Sun san masarar da ba ta sami taki ba: ganyen ƙasa ne ke fara yin rawaya, daga tsininsa ya biyo tsakiya, karan ya tsumbure, goyon ya fito ƙarami. Sun san yadda take komawa kore shar bayan an sa mata yuriya an yi ruwa. Abin da ke cikin buhun yuriya da ke yin wannan aiki shi ne naitirojin, kashi 46 cikin 100 na nauyinsa. Babu mai rai da zai gina jikinsa ba tare da shi ba, domin da shi ake yin furotin, da shi kuma ake rubuta umarnin gado da ke cikin kowace ƙwayar halitta. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, amma masara ba ta iya cin sa a haka, mu ma ba ma iyawa, yisti ma haka. Sai ya zo a ɗaure cikin wani abu, kamar amoniya ko yuriya. Gyaɗa da wake da waken soya ne suka yi sa'a, saboda ƙananan halittun da ke zaune a ƙulle-ƙullen saiwarsu suna kamo musu shi daga iska. Sukari kuwa ko ɗigon naitirojin babu a cikinsa.

To, ga inda Pasteur ya kama Liebig. In yisti ruɓewa yake yi, dole naitirojin ɗin jikinsa ya riƙa fita ya zama amoniya, kamar yadda kan faru da mushe, yistin kuma ya riƙa raguwa. In kuwa rayayye ne mai girma, amoniyar da ke cikin ruwan ce za ta ragu, shi ya ƙaru. Wannan abu ne da sikeli zai raba. A lokacin ya riga ya koma Faris, tun ƙarshen 1857, ya zama mai kula da karatun kimiyya a tsohuwar makarantarsa, kuma wurin aikin da ya samu wasu 'yan ɗakuna ne a ƙarƙashin rufin bene, zafi da bazara, sanyi da hunturu. A nan ya haɗa wa yisti abincin da babu ko ƙwayar abu mai ruɓewa a ciki: ruwa mililita 100, tsabtataccen sukari giram 10, tokar da ta rage bayan an ƙone yisti giram 1, da gishirin amoniya kashi ɗaya cikin goma na giram. Sa'an nan ya ɗiga sabon yisti wanda girmansa bai fi kan allura ba. Ruwan ya fara kumfa, ya gurɓace, sukari ya riƙa komawa barasa. Da ya duba a madubi sai ga sababbin ƙwayoyi suna toho. Da ya auna, amoniya ta ragu, yisti ya ƙaru. Ashe ɗan abin nan ya ɗauki gishirin da ba shi da rai, ya haɗa da sukari da ma'adinan toka, ya gina naman jikinsa da su, kamar yadda masara ke yi da taki. Ya kuma nuna cewa ba barasa da iska kaɗai ke fita ba, akwai gilisarin da wani sinadari mai tsami, kuma wani ɗan kaso na sukarin yana shiga jikin yistin. Cikakken rahoton ya fito a 1860.

A ganinmu, cikin dukan ayyukan Pasteur wannan ne ya fi dacewa ɗalibin kimiyya ya yi nazarinsa, ko da yake ba shi ne ya fi suna ba. Babu wata na'ura mai tsada a ciki. Abin da ya yi kawai shi ne ya tambayi kansa wane abu ne ra'ayin nan biyu ba za su taɓa yarda a kansa ba, ya cire duk sauran, ya auna wannan ɗin. Daga ranar nan kuma masu bincike suka sami hanyar renon ƙananan halittu a abincin da suka san kowane abu da ke cikinsa, su cire wannan su ƙara wancan su ga abin da zai faru. Yistin da ake sayarwa a leda a kantunanmu ma haka ake renonsa a masana'anta: maɗin da ya rage bayan an cire sukari daga rake ko saiwar nan, da gishirin amoniya, da iska mai yawa.

Liebig bai sallama ba. Wajen 1870 ya ce ya gwada aikin bai fito masa ba. Pasteur ya je har Munich ya gan shi, dattijon ya karɓe shi da mutunci amma bai shiga gardamar ba. Daga baya Pasteur ya nemi a kafa kwamitin masana a yi gwajin a gabansu, Liebig bai amsa ba har ya rasu a 1873. Mutane da yawa suka ɗauka taurin kai ne kawai. Sai a 1901 wani matashi a Louvain ta Beljiyam, Wildiers, ya nuna cewa in yistin da aka shuka ya yi ƙanƙanta ƙwarai, ba ya girma a wannan abinci. Akwai wani abu kaɗan da yake bukata, wanda kan shigo a maƙale da irin da aka shuka. Daga baya aka gane bitamin ne, irin su biyotin. Wataƙila kan allurar Pasteur ya fi na Liebig girma ne. Haka kuma a 1897, shekara biyu bayan mutuwar Pasteur, Eduard Buchner ya niƙe yisti ya matse ruwansa, babu ƙwaya mai rai ko ɗaya a ciki, ruwan kuwa ya tsima sukari. Wato aikin na sinadarai ne kamar yadda Liebig ya nace, amma mai rai ne ke ƙera sinadaran kamar yadda Pasteur ya nace. Ba wanda ya rayu ya ji wannan hukunci a cikinsu.

Bari mu ɗan tsallake gaba mu ga inda gwajin nan ya kai, kafin mu komo ga mutumin. Ƙwayar yisti ƙarama ce ainun, sai an jera kamar 200 kafin su cika milimita ɗaya. In abinci ya wadata takan rabu biyu cikin kamar minti 90. A 1996 aka gama karanta dukan littafin gadonta, aka tarar da umarni wajen 6,000, kowanne yana faɗar yadda za a ƙera wani furotin. Ba duka take karantawa a lokaci ɗaya ba, gama ƙera furotin yana cin naitirojin da ƙarfi. Tana buɗe shafin da take bukata ne, ta rufe sauran. Masu binciken da suka bi sawun Pasteur, suna canja gishirin da ke cikin kwalba, sun tarar cewa yisti yana da zaɓi. Amoniya da wani sinadari mai suna gulutamin su ne tuwonsa. Yuriya, wadda manomanmu ke bi layi su saya, a wurinsa abincin yunwa ce, haka ma furolin. In ka ba shi amoniya da yuriya tare, sai ya cinye amoniyar tukuna, kayan aikin sarrafa yuriya kuwa ya bar su a rufe. (Wöhler ɗin nan da ya yi wa yisti ba'a, shi ne mutumin da ya fara haɗa yuriya a ɗakin gwaji a 1828.)

Yaya abin da ba shi da ido ko harshe yake sanin abin da ke cikin ruwa? Wata malama a jami'ar Brussels, Marcelle Grenson, ta bayyana a 1970 wata babbar ƙofa a fatar ƙwayar, wadda yanzu ake kira Gap1, mai shigo da kusan kowane irin tubalin furotin. Ƙofar nan sai lokacin ƙarancin abinci take bayyana. Da zarar an zuba amoniya, ƙwayar takan sa mata alama, ta janye ta ciki, ta jefa ta wata jaka da ake narkar da tsofaffin kaya. Akwai kuma wani furotin a fatar, Ssy1, wanda aikinsa ɗanɗana tubalan da ke waje ya aika labari ciki. Amma babban lissafin a ciki ake yin sa. Boris Magasanik da ɗalibansa a Amurka sun gano a shekarun 1980 wani ɗan aike mai suna Gln3, wanda in ya shiga cibiyar ƙwayar, inda littafin gadon yake, yakan nemi wata 'yar alama a farkon wasu shafuka ya buɗe su. Shafukan da ke ƙarƙashin wannan tsari sun kai kusan 90: na ƙofofin shigo da abinci, na fasa yuriya, na fasa furolin, da sauransu. Lokacin ƙoshi, wani furotin, Ure2, yana riƙe da ɗan aiken a waje. Mai ba da izinin riƙon shi ne TOR, wanda za mu iya kira ma'ajin gidan. Muddin naitirojin mai kyau yana shigowa, TOR yana a farke, yana umartar a gina, a yi toho, a bar ɗan aike a ɗaure. In ya ragu sai TOR ya lafa, a saki Gln3, cikin 'yan mintuna ya shige cibiya, ƙwayar ta soma ƙera kayan kalen abinci.

Shi TOR ɗin ta wata hanya mai ban mamaki aka same shi. Akwai wani magani, rafamaisin, da aka samo daga ƙwayoyin halittar ƙasar wani tsibiri mai nisa a tekun Fasifik, Rapa Nui. In aka ɗiga wa yisti shi, sai ya yi kamar yana cikin yunwa alhali abinci na kewaye da shi. A 1991, a birnin Basel na Suwizalan, Joseph Heitman da Rao Movva da Michael Hall suka nemo yistin da maganin ba ya kamawa, ta haka suka gano abin da yake toshewa. A 1999 aka nuna cewa TOR ne ke tsare Gln3 a waje. An kuma tarar mu ma muna da irin wannan ma'aji a jikinmu, kuma maganin nan ana ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda domin kada jiki ya ƙi ta.

In yunwar ta yi tsanani, yisti yana da sauran dabara. Wani iri yakan daina yin ƙwayoyi kewayayyu, ya miƙe ya yi sarƙa yana kutsawa cikin abin da yake kai, kamar saiwa mai neman laima. In babu naitirojin kuma babu sukari, sai ya dunƙule ya yi 'ya'ya huɗu masu tauri a cikin jaka ɗaya, su jira damina. Kafin nan kuma yakan ci kansa: ya naɗe tsofaffin kayan cikinsa, ya kai su jakar narkarwa, ya ƙwato naitirojin ɗinsu ya gina abin da ya fi gaggawa. Yoshinori Ohsumi na Japan ne ya ga wannan a madubi, ta wurin hana yisti naitirojin, ya buga a 1992, ya sami kyautar Nobel a 2016. Masarar Doguwa ma kusan abin da take yi ke nan sa'ad da ganyen ƙasa ya yi rawaya: tana kwashe naitirojin daga tsohon ganye tana kai wa sabo. A ƙullun waina da na burodi yisti ba ya shan wannan wahala sosai, domin shinkafa da alkama suna da nasu furotin, kuma kafin abinci ya ƙare an kai ƙullun wuta.

Pasteur bai san ko ɗaya cikin waɗannan sunaye ba. Amma ya lura tun 1861 cewa yisti yana sauya hali bisa ga abin da ya tarar: in iska ta wadata sai ya fi hayayyafa, in an toshe ta sai ya dogara ga tsima sukari. A waɗannan shekaru ya yi ta fama da masu cewa ƙananan halittu suna fitowa da kansu daga romo. Ya tafasa romo a kwalabe masu lanƙwasasshen wuya, iska na shiga amma ƙura na maƙalewa, romon bai lalace ba. Ya hau duwatsun ƙanƙara a 1860 ya buɗe kwalabe 20, ɗaya kaɗai ta ɓaci. A 1865 ya yi rajistar hanyar ɗumama ruwan inabi zuwa awo 50 ko 60 domin kashe masu lalata shi, hanyar da daga baya aka mai da ita ga madara, har yau kuma da sunansa ake kiranta.

Ba za mu ɓoye ba, mutum ne mai wuyar zama. Da ɗaliban École Normale suka ƙi cin wani farfesun rago, sai ya ba da umarni a riƙa dafa shi kowace Litinin. Mu da muke cin abincin makarantar kwana mun san yadda wannan zai yi daɗi. Da ya ce zai kori duk wanda aka kama da taba, ɗalibai 73 cikin 80 suka ce sun bar makarantar. A 1867 wata rigimar ta sa aka ɗauke shi daga shugabancin ɗalibai. A gida kuwa baƙin ciki ne ke bin baƙin ciki. Cikin 'ya'yansa biyar, uku sun mutu suna ƙanana: Jeanne a 1859 tana da shekara 9, da zazzaɓin taifot, Camille a 1865 tana da shekara 2, Cécile a 1866 tana da shekara 12, ita ma taifot. Mahaifinsa ya rasu a 1865, sa'ad da shi yake kudancin Faransa yana binciken cutar tsutsar siliki. Ran 19 ga Oktoba, 1868, yana da shekara 45, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya tashi, amma hannun bai ƙara komawa daidai ba, saboda haka yawancin ayyukan da duniya ta fi saninsa da su, da hannun mataimakansa aka yi su.

Bai manta da yisti ba. A 1876 ya fitar da littafi a kan giya da cututtukanta. A 1878, domin ya nuna cewa yistin inabi daga waje yake sauka a kan 'ya'yan, ya gina ɗakunan gilashi a kan wasu kuringun gonarsa ta Arbois tun 'ya'yan suna ɗanye, wasu nonnan kuma ya naɗe su da auduga. Da suka nuna ya matse su, ruwansu bai tsimu ba, na fili kuwa ya tsimu.

Daga nan hankalinsa ya koma ga cututtuka. Tunaninsa shi ne, in ƙaramar halitta za ta iya lalata ganga, za ta iya lalata jini. Da shi da Émile Roux da Charles Chamberland suka koyi raunana ƙwayar cuta a yi rigakafi da ita, suka fara da wata annobar kaji. A watan Mayu na 1881, a Pouilly-le-Fort, aka yi wa tumaki da shanu allurar ciwon saifa a gaban jama'a, aka bar wasu ba a yi musu ba, sa'an nan aka sa wa dukansu cutar. Ran 2 ga Yuni aka tarar tumakin da ba a yi wa ba sun mutu ko suna mutuwa, waɗanda aka yi wa suna tsaye. Akwai wani abin da ba mu ji daɗinsa ba a nan. Pasteur ya bar mutane suna zaton da hanyarsa ta iska aka raunana ƙwayar, alhali da wani sinadari Chamberland da Roux suka shirya maganin ranar, hanya mai kama da ta wani likitan dabbobi, Toussaint, wanda suke gasa da shi. Littattafan aikinsa ne suka tona wannan. Ya bar wasiyya kada a nuna su, jikansa ya miƙa su ga babban ɗakin karatu na ƙasar, masana tarihi suka karanta. Maganin ya yi aiki, dabbobi masu yawa sun tsira, amma mutumin da ya kayar da Liebig da sikeli ya kamata a ce ya faɗi abin da ke cikin allurar.

Ran 6 ga Yuli, 1885, aka kawo masa wani yaro ɗan shekara 9 daga Alsace, Joseph Meister, wanda mahaukacin kare ya yayyaga. Pasteur yana da maganin da ya gwada a karnuka, na busasshen ɓargon bayan zomo mai cutar. Shi ba likita ba ne, saboda haka Dokta Grancher ne ya yi allurar, sau 13 cikin kwana 11. Pasteur ya yi ta rashin barci. Yaron bai kamu ba. Mutane suka riƙa zuwa daga Rasha da Amurka, aka tara gudummawa daga ƙasashe da yawa, aka buɗe Cibiyar Pasteur a Faris ran 14 ga Nuwamba, 1888. A ƙauyukanmu har yanzu karnuka suna cizon yara, kuma ƙa'idar ba ta canja ba: a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa nan take, a garzaya asibiti a fara allura tun alamun cutar ba su bayyana ba, gama in sun bayyana da wuya a tsira.

Shanyewar jiki ta sāke dawo masa a 1887, maganarsa ta yi nauyi. A bikin cikarsa shekara 70 a Sorbonne, shugaban ƙasa ne ya riƙo hannunsa suka shiga, Joseph Lister na Ingila, wanda ya ɗauki koyarwarsa ya tsabtace aikin tiyata, ya zo ya gaishe shi. Ya rasu ran 28 ga Satumba, 1895, a Villeneuve-l'Étang kusa da Faris. An yi masa jana'izar ƙasa a majami'ar Notre-Dame, daga baya aka mai da gawarsa wani ɗaki a ƙarƙashin cibiyarsa. Matarsa Marie ta rayu har 1910, aka binne ta a wurin. Joseph Meister kuwa da ya girma ya zama mai gadin cibiyar, yana wannan aiki har mutuwarsa a 1940.